Sha Huɗun Da Suka Ƙi Barci

"Kwana bakwai," in ji Auta. "Daga yau Asabar zuwa Asabar mai zuwa. Bayan nan maganin ya zama na kowa."

Na ce wata shida.

"Kwana bakwai."

"To wata uku. Kin ga ni na sauko, saura ke ki hau."

"Mijin Yaya, ba katifa kake tayawa ba. Kwana bakwai, su ma don kana auren yayata ne."

Shekara arba'in ina ciniki. Na sayar da agogo, na sayar da rediyo, na sayar da waya, yanzu ina sayar da laftof na hannu, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ba ya matsawa ko taku ɗaya ba sai ƙanwar matata. A gidana ta yi rabin girmanta, ni na saya mata jakar makaranta ta farko, yau ga ta zaune a kan kujerata, a cikin shagona, tana yanka mini wa'adi.

Aikinta sai na yi bayani, domin ni ma na daɗe ban gane shi ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, tana kuma da ƙarafan cikinta: kibod, lasifika, kyamara, batir da sauransu. Babbar manhajar ba ta jin yaren ƙarafan, sai an sa mata tafinta a tsakani, kowane ƙarfe da nasa. Su direba suke kiran wannan tafintan. Irinsa Auta take rubutawa, daga ɗakinta, tana yi wa wani kamfani aiki wanda ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Al'adarsu kuma ita ce duk wanda ya gyara abu sai ya aika wa jama'arsu ta intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Wannan al'adar ce nake roƙo a jinkirta mini, domin maƙwabcina Dogo, wanda shagonsa ke kallon nawa, yana da tarin irin kwamfutocin nan masu irin ciwon nan, kuma ban ga dalilin da zai sa in kira likita daga gidana ya warkar da nasa ba.

Ladan da ta nema ba kuɗi ba ne. Cewa ta yi daga yau duk sabon samfurin da ya shigo shagona zan ba ta aron guda ɗaya na mako guda, ta yi gwaji a kai. Aro, ba kyauta ba. Na ɓata fuska kamar ta cuce ni, na ce na yarda.

Ga abin da ya kawo mu nan. Akwai wata mata, Manaja muke ce mata, tana shugabantar wani ofis da ke tura ma'aikata ƙauyuka suna yi wa manoma rajista. Ta ba ni odar laftof talatin da shida, duk iri ɗaya, samfuri na huɗu na wani kamfani, a kawo ranar Asabar. Ta ce in wannan ta yi kyau, duk sayayyar ofishinta ta shekara ta hannuna za ta bi. Sharuɗɗanta biyu ne. Za a sa musu babbar manhajar nan ta kyauta, domin a kanta shirin rajistarsu yake aiki. Sannan batir ya kai ma'aikaci daga safe har la'asar, domin inda za su babu wuta. Ma'aikaci zai rubuta manomi ɗaya, ya rufe murfi kwamfuta ta yi barci, ya taka zuwa gona ta gaba, ya buɗe ta farka.

Da muka sa manhajar sai ciwo ya fito. Ka rufe murfi, ka buɗe, allo ya kawo haske fes, amma kibod ya mutu. Ka danna har yatsanka ya gaji, ko harafi ɗaya ba zai fito ba, sai ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa. Duka talatin da shidan haka.

Akwai kuma abin da ban gaya wa Auta ba, kuma a lokacin ban ga ruwanta da shi ba. Na huɗu na gaskiya guda ashirin da biyu kawai na samu. Sauran sha huɗun na uku ne. In ka ajiye su gefe da gefe ko wanda ya ƙera su sai ya yi shakka: jiki ɗaya, allo ɗaya, saurin ma tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka na kira Likita, mai gyaran da duk masu shagunan benenmu ke kai wa aiki, dattijo ne kamata, ya sauya musu sitika. Da yake shi mutum ne mai son aiki ya fita da kyau, sai ya shiga har ciki, inda kwamfuta ke ajiye sunanta, ya goge na uku ya rubuta na huɗu. Ka tambaye ta wace ce ke, ta ce maka na huɗu ba tare da ƙifta ido ba. Ni a ganina wannan harkar suna ce, ciwon kibod kuma harkar ƙarfe ce. Me ya haɗa su?

Auta ta kafa sansani a ɗakin ajiyar da ke bayan shagon. Dogon tebur ɗaya, fanka mai ƙara, kwalaye har rufi, da taga ɗaya da ba ta buɗuwa sai an doke ta. Ta zari kwamfuta ɗaya daga saman tari, ta jona mata wata 'yar na'ura mai auna wutar da take sha, ta zauna. Kwana biyu tana rufewa tana buɗewa tana karanta wasu layuka da ke gudu a allo kamar tururuwa. Na leƙa sau uku, sau uku ta ce in je in yi ciniki.

Ranar Litinin da azahar ta kira ni.

"Zo ka ga maƙaryaci."

Ta nuna mini wani ɗan baƙin abu a kan bod, wato faifan cikin kwamfutar da ake dasa ƙarafan a kansa, bai kai farcen ɗan yatsana ba. Aisi suke ce masa, shi ke kula da kibod.

"In kwamfuta za ta yi barci, direba yana zagayawa yana tambayar kowane ƙarfe: wane irin barci kake iyawa? Akwai gyangyaɗi, akwai barci, akwai wanda ake yanke maka wuta gaba ɗaya. Wannan sai ya ce mai nauyin yake iyawa. Kuma yana iyawa. Tashin ne ba ya iyawa."

"Kamar babban ɗana ke nan."

"Kamar ubansa dai. Yaya ta ba ni labari. To shi wannan in an dawo masa da wuta sai an jira shi kaɗan, sannan a zungure shi, a sa shi ya fara daga farko kamar yau aka haife shi. Kamfanin da suka ƙera kwamfutar sun san haka, sun ɓoye gyaran a cikin tasu manhajar, ba su gaya wa kowa ba."

Sai ta buɗe mini wani dogon jeri, layi ɗaruruwa. Ta ce jerin masu hali ke nan. Kowane layi sunan wata kwamfuta ne da halinta da yadda ake lallaɓa ta: wannan kada a yanke mata wuta, wannan a tashe ta sau biyu, wannan in ta ce batirinta ya cika kada a yarda. Direba yakan tambayi kwamfuta sunanta, ya duba jerin, in ya gan ta a ciki ya bi da ita yadda aka rubuta. Abin ya burge ni, domin irin jerin nan ina da shi a kaina game da masu sayayya, sai dai nawa ba a rubuce yake ba. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: samfuri na huɗu, a jira, a zungura. Ta rufe murfi, ta buɗe, ta ce in danna. Na danna, harafi ya fito.

Na ce a sayo mata lemo mai sanyi. Amma da na koma kan kujerata sai wata magana tata ta tsaya mini a rai. Direba yakan tambayi kwamfuta sunanta. Na juya ta, na sake juya ta, na ce kai, magani ai magani ne, wanda ya tashi wannan zai tashi waccan.

Talata da safe ta zuba gyaran a cikin duka talatin da shida, muka rufe su, muka jera a kan tebur da kan kwalaye, aka bar su su yi barci har la'asar don a ga abin da batir zai ce. Da la'asar na shiga ɗakin na ji shi da ɗumi. Auta tana bi tana ɗora tafin hannu a kan murfi ɗaya bayan ɗaya. Guda biyar sun yi zafi kamar an ɗauko su daga rana, batirinsu ya kusa ƙarewa. Kibod yana aiki, amma barcin ne ba su yi ba. Murfi a rufe, su kuwa idonsu biyu, suna ta shan wuta a ɓoye.

"Biyar cikin talatin da shida ai ba laifi," na ce. "A sauya musu batir."

"Batirinsu lafiya lau. Wani abu ne ke hana su kwanciya."

Ta manna wa biyar ɗin farin tef, ta rubuta lambobinsu a littafinta, aka yi caji aka sake rufewa. Laraba da safe aka samu takwas da zafi. Uku daga cikin masu tef, biyar sabbi. Biyu daga masu tef ɗin jiya kuwa sun kwana sanyi ƙalau, kamar ba su taɓa yin laifi ba.

Daga nan ranta ya fara ɓaci, nawa ma haka, amma kowa da dalilinsa. Na shiga kawo shawara.

"Ki hana su barcin gaba ɗaya mana. Wanda bai yi barci ba ai ba a maganar tashinsa."

"Sai batir ya mutu kafin sha biyun rana. Ma'aikacin Manaja ya rubuta sauran manoman a tafin hannunsa?"

"To ki bar kowa ya yi barci, ki hana kibod shi kaɗai."

"Ka taɓa kwana a ɗaki ɗaya da jaririn da ya ƙi barci? In ɗaya ya farka, duk gidan a farke yake. Haka aka ƙera su."

"To ki haɗa magani ɗaya da zai yi wa duka."

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Mijin Yaya, suna ɗaya, lamba ɗaya, jiki ɗaya. Zungura ɗaya nake yi musu. Wasu in na zungure su sai su tashi, in lokacin barci ya yi su kwanta. Wasu kuma in na zungure su sai su firgita, wani lokaci su kwanta, wani lokaci su ƙi. In gaya wa direba ya bambanta su da me? Da ƙamshi?" Ta mayar da tabarau. "Akwai wanda ya taɓa cikin kwamfutocin nan kafin su zo hannuna?"

"Kayan hannu ne, Auta. Wa ya san hannu nawa suka bi?"

Ba ƙarya na yi ba. Ta gyaɗa kai ta koma kan aikinta.

Ranar duka ta yi ta zargin kanta. Ta ƙara lokacin jira, ta rage, ta sa a zungura sau biyu, ta sa a zungura a hankali. In ta gyara wa masu zafi sai kibod ɗin masu sanyi ya koma mutuwa. In ta dawo da na masu sanyi sai zafi ya dawo. Abincin da yayarta ta aiko mata ya huce a kan kwali ba ta buɗe ba. Da yamma ta kwance ƙasan guda biyu, mai zafi da mai sanyi, ta haska fitila. Aisin kibod ɗinsu iri ɗaya ne a ido, amma hanyoyin wutar da ke zuwa gare shi sun bambanta. A nan ta daina zargin kanta, ta koma kan kamfanin.

Ban san Auta ta iya zagi ba sai ranar. Ba ta ɗaga murya, a hankali take yi, kamar mai karanta takardar asibiti.

"Mutum ya ƙera bod iri biyu ya laƙaba musu suna ɗaya. Ka san wane irin mutum ne wannan? Irin wanda zai zuba kananzir a kwalbar ruwa ya mayar cikin firji. Ba mugu ba ne, mugu yana da lissafi. Wannan rago ne, ga wauta, kuma na tabbata yana can yana ganin ya yi dabara."

Na ce, "Ƙila yana da uzuri. Ƙila an matsa masa da oda."

"Ko an matsa masa da bindiga. Da ya zo ya zauna a ɗakin nan kwana biyu ya ji abin da uzurinsa yake yi wa mutane. Allah Ya haɗa ni da shi."

Daidai nan Likita ya turo ƙofa da sallama, ya zo karɓar sukundireban da ya manta. Ya ji rabin maganar, ya dubi kwamfutocin da ke kwance ciki a buɗe, ya dube ni. Ya ce ashe ma yana aljihunsa, ya juya. Ban taɓa ganin mai ciwon gwiwa ya sauka bene da sauri haka ba.

Ta ce gobe za ta tantance su ɗaya bayan ɗaya, ta san adadin masu ciwon, sannan ta rubuta wa jama'arsu cewa kamfanin ya fitar da bod biyu da suna ɗaya, ko akwai wanda ya san hanyar bambanta su. Na tuna mata kwana bakwai. Ta ce ta tuna, sai Asabar za ta aika. Na ce in sai Asabar za a yi tambaya, yaushe za a samu amsa? Ta ce wani lokaci kwana biyu, wani lokaci wata biyu.

Alhamis ta fara da ƙarfe takwas. Tunda ciwon ba kullum yake zuwa ba, kowace kwamfuta sai an rufe ta an buɗe sau talatin, ana duba na'urar auna wuta kowane karo. Guda ɗaya na cin kusan minti arba'in. Ina zaune a gaban shago ina jin ƙarar murfi, ƙwas, shiru, ƙwas, shiru. Manaja ta bugo waya tana tambaya ko motarta ta zo ƙarfe goma ranar Asabar, na ce ko tara ma. Dogo ya leƙo yana murmushi, wai ya ga kwana biyu ina da baƙuwa a ɗakin baya, ko lafiya? Na ce lissafin kaya take taya ni. Da azahar ta yi na shiga na tarar ta gama bakwai. Bakwai. Saura ashirin da tara, ga jibi Asabar, kuma ko ta gama ba magani ta samu ba, ƙirga marasa lafiya kawai ta yi.

Ni mutum ne da ba na iya kallon ana yin aikin minti biyar a kwana biyu. Wannan halin ya ciyar da ni shekara arba'in, ranar nan kuma shi ya kayar da ni.

"Matsa," na ce.

Na ɗauki ta farko, na shafa ƙasanta da babban yatsa, na ajiye dama. Ta biyu, dama. Ta uku, hagu. Robar da ke ƙasan na huɗu tana da ƙananan zane, ta na uku kuwa sumul take. Ba a gani sai an sa ido sosai, amma yatsa yana ji nan take. Ban kunna ko ɗaya ba, ban ma buɗe murfi ba. Kafin shayinta ya huce na tara ashirin da biyu a dama, sha huɗu a hagu.

"Waɗannan ne masu zafin. Yanzu sai ki nemi magani."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Auta ta ajiye shayin. Ta jawo littafinta, ta bi lambobin duk wadda ta taɓa yin zafi tun Talata, tana dubawa tana sa alama. Duk suna hagu. Babu ko ɗaya a dama. Ta rufe littafin, ta ajiye biro a kai, ta harɗe hannu.

"Ashe kai ma injiniya ne."

"Hannu ne, Auta. Shekaru."

"Hannun ya gaya maka me?"

Fanka tana ta ƙara. Na dubi taga, na dubi kwalaye. A ƙarshe na jawo kujera na zauna na gaya mata, har da Likita, har da sitika. Na yi ƙoƙarin jera maganar yadda za ta yi kyan ji, amma wasu kayan duk yadda ka jera su ba sa kyau.

"Jiya," ta ce, "ina zagin mutumin nan, kana tsaye a nan."

"Ina tsaye."

"Har ka ce yana da uzuri."

"To ai yana da shi."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Kwana uku, mijin Yaya. Na zargi kaina, na zargi kamfanin da bai ci ba bai sha ba. Saura kaɗan in rubuta wa mutum dubu ƙarya da sunana a ƙasa. Su mutanen nan ba su san fuskata ba, sunan kawai suka sani."

Na bar ta ta huce kaɗan, sannan na koma ciniki, domin ban iya wani abu ba. Na ce yanzu tunda ta san bambancin, ba za ta iya gaya wa direba ya gane su ta wata hanya ba, a bar sunan yadda yake?

"Zan iya. Tunda na san abin da nake nema, awa ɗaya ya ishe ni."

"To alhamdu lillahi."

"Ba zan yi ba."

Na fara kawo mata zumunci, da jakar makaranta, da yayarta. Ta ɗaga hannu.

"Bar wannan, ka ji abin da zai shiga kunnenka. Kamfanin kan aiko da sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Kwamfuta ta duba sunanta ta ɗauki nata. Wadda ka laƙaba wa na huɗu za ta ɗauki abincin na huɗu ta zuba wa bod ɗin na uku. Ranar ba kibod ne zai mutu ba, ita ce gaba ɗaya, ba kuma za ta sake tashi ba. A ƙauye, da rajistar manoma a cikinta. Guda sha huɗu, ƙila a mako ɗaya. Ka ga Manaja za ta nemi kamfanin, ko za ta hawo benen nan?"

Wannan ya shiga kunnena. Da ta ce mini haramun ne, da na samo mata fatawa. Amma kaya sha huɗu su dawo a mace lokaci ɗaya, wannan yare ne da nake ji.

Juma'a Likita ya zo, kansa a ƙasa, ya mayar wa sha huɗun sunansu na gaskiya. Yana aiki yana gunaguni wai shi abin da aka sa shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau, ga shaida nan har injiniya ta kasa ganewa. Auta ta ce masa lallai, ya kamata a ba shi lambar yabo. Ya ɗauka da gaske take, ya yi godiya. Ita kuwa ta ƙara layi na biyu a jerin masu hali: samfuri na uku, kada a yanke masa wuta gaba ɗaya, a bar shi a matsakaicin barci, kada a zungura. Abin da ke nan. Layi ɗaya. Kafin la'asar duka talatin da shida suna kwanciya suna tashi kamar 'ya'yan kirki, duk sanyi ƙalau. Ni na zauna da reza ina kankare sitikar ƙarya, tsofaffin kuma Likita ya riga ya zubar, don haka sha huɗun suka zauna da tabon gam a ƙirji.

Asabar ƙarfe goma Manaja ta hawo. Mace ce mai magana a hankali, ba ta zama sai an ce ta zauna. Ta ga tari biyu, ta ga tabon gam, ta dube ni.

"Ranki ya daɗe, an ɗan samu kuskure wajen sitika," na ce.

Auta tana zaune a gefe da kofin shayi. Ta yi tari sau ɗaya.

"Wato ni na sa aka yi kuskuren," na ce. Na gaya mata saura a taƙaice, na ƙara da cewa na ukun ma yanzu suna aiki, batirinsu har ya ɗan fi daɗewa, ga injiniya nan ta shaida.

"Haka ne," in ji Auta. Iyakar taimakon da ta yi mini ke nan.

Manaja ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin daɗi. Ta ɗauki ashirin da biyun ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta buɗe, ta danna, ta duba sunan da kowace ke faɗa. Sannan ta ce, "Baba, da tun farko ka ce mini ashirin da biyu ka samu, da na tambayi ofis ko za su karɓi na uku. Ina jin da sun karɓa. Yanzu takarda ta riga ta fita da na huɗu, kuma ba zan koma in ce musu ga dalili ba. Zan ɗauki waɗannan. Sha huɗun ina da zuwa Litinin in nemo."

Tana magana idonta ya tsallaka ƙofar gilashi ya sauka kan kantar Dogo, inda na huɗu suke jere har uku uku.

"Nasa kibod ɗinsu ba ya tashi," na ce da sauri.

Auta ta ajiye kofi ta duba wayarta.

"Yau Asabar," ta ce.

Da yamma ta aika, layi biyu da bayanin yadda ta gano su, ba ta ambaci shagona ba. Lahadi Likita ya wuni a shagon Dogo yana zuba wa kwamfutocinsa gyaran. Litinin da hantsi ina zaune ina kallo aka sauko da kwalaye sha huɗu ta gaban ƙofata, Dogo da kansa yana riƙe da na ƙarshe, har ya tsaya ya tambaye ni ya gida.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci, Dogo ne ya fi kowa ci, bai kuma san hawa ba bai san sauka ba, barci yake aka tashe shi da oda. Likita an biya shi aikin sauya suna, an biya shi aikin mayarwa, ya kuma karɓi na Dogo. Manaja ta samu talatin da shidanta. Auta ta ce wasu mutane daga wurare uku da ban san su ba sun rubuto suna godiya, wai kibod ɗinsu ya tashi bayan shekara biyu. Ita ta samu wannan, ta rasa kwana uku da wani abu da take gani a fuskata tun tana ƙarama, wanda ban san yana da daraja ba sai da na ga babu shi. Ba ta gaya wa yayarta ba, amma yayarta ta daina tambayata yadda ciniki yake, wanda ya nuna ta sani.

Wanda aka ci ni ne. Sha huɗun na sayar da su ɗaya ɗaya cikin wata biyu, da sunansu na gaskiya, ba wadda ta dawo. Sayayyar ofis ta shekara kuwa, da firinta, da batura, da jakunkuna, duk ta tsallaka. Har yau in Manaja ta hawo benen takan tsaya a ƙofata ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta shiga shagon Dogo.